Binciken haɗin gwiwa da manoma kan irin gero da dawa

Binciken haɗin gwiwa da manoma wata hanya ce ta aikin iri inda masana da manoma ke zaɓen irin gero da dawa tare, a gonakin manoman kansu, maimakon a gama komai a tashar bincike sannan a kawo musu. Manufar biyu ce, a samu irin da manomi zai karɓa, kuma kada irin gargajiya ya salwanta.

Tarihi

Gero da dawa duk 'yan asalin Afirka ne. Masu tonon kayan tarihi sun samu alamar geron da aka noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen shekara 4,500 da suka wuce, dawa kuma ana ganin daga gabashin Sudan ta fito, wataƙila ma ta ɗan girmi geron. Tun lokacin manoma ne ke ware zangarniya mai kyau su adana don baɗi, shi ya sa iri ya yi yawa haka.

An kafa ICRISAT, cibiyar duniya ta binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, a Indiya a 1972, daga baya ta buɗe tashoshi a Sadore kusa da Yamai da Samanko kusa da Bamako. Dawar da masana suka fara fitarwa a yankin Sahel gajera ce mai saurin nuna, a tasha tana ba da amfani sosai amma manoma da yawa suka ƙi ta, don tana nuna ana tsakiyar ruwa sai tsabar ta yi baƙi da fumfuna, tsuntsaye kuma su taru a kanta tunda ita kaɗai ta nuna, ga kara gajere da ba ya isar dabbobi balle shinge. Dawar gargajiya, irin wadda masana ke kira guinea, kam tana bin tsawon rana ne, ko an yi shuka da wuri ko a makare sai ƙarshen damina take fidda kai. Wannan darasin na cikin abin da ya sa aka koma tambayar manoma, wajen ƙarshen shekarun 1980.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Okashana 1 na Namibiya, geron da manoma suka zaɓa da kansu a filin gwaji wajen 1987, mai alaƙa da geron Togo. A Mali kuma masana iri na ICRISAT, Eva Weltzien da Fred Rattunde, sun yi shekaru suna wannan aiki kan dawa tare da IER, cibiyar binciken noma ta ƙasar, da ƙungiyoyin manoma na yankin Dioila.

Yadda ake yi

Akwai zaɓe tsakanin irin da aka riga aka kammala, akwai kuma shigar da manomi tun daga barbara, wanda ya fi wuya. Ana shuka iri-iri a jere, manoma su zagaya su jefa ƙuri'a, galibi mata daban maza daban. Bayan girbi sai gwajin girki, mata su surfa su ga yawan dusar da ta fita, a tuƙa tuwo a ɗanɗana, a bar saura ya kwana a ga ko zai saki. Iri da yawa a nan suke faɗuwa duk da sun cika buhu.

Gero ya fi dawa wahalar tsarewa don iska ke kai bununinsa gona zuwa gona, yawanci yana gauraya.

Yanayin iri

A Nijar an kwatanta irin da aka tattara a 1976 da na 2003 a ƙauyuka 79, aka ga duk da farin da aka sha yawan irin bai ragu sosai ba, sai dai geron ya koma fidda kai da wuri.

Muhawara

Wasu na ganin sabon iri in ya karɓu yana korar na da, wasu sun ce manomi ƙara shi yake kan waɗanda yake da su. Batun wa ke da haƙƙin irin da aka samar tare shi ma ba a daidaita ba, duk da yarjejeniyar 2001 kan irin shuka ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ambaci haƙƙin manoma.