Dokin Balin da wayar hannu: waiwaye kan wata tsohuwar gardama

A majalisun samari a Argungu yanzu ba a rasa mai cewa ChatGPT ɗin wayarsa, manhajar da ake hira da ita a rubuce, ya fi mutum hankali, ba a kuma rasa dattijon da zai ce ko jakinsa ya fi shi, tunda jaki yana kai kansa gida cikin duhu ba mai jan igiya. Gardamar ta girmi kakanninsu duka.

Mu dai ba mu taɓa hana dabba wayo ba. Dila malamin daji ne, gizo kuwa sai a tatsuniya. Ɗan makarantar allo ma ya san tururuwar da ta gargaɗi 'yan'uwanta a Suratun Namli, da alhudahudan da ya kawo wa Annabi Sulaiman labari. A Turai ne René Descartes na Faransa ya rubuta a 1637 cewa dabba tamkar agogo take, motsi ba tunani, hujjarsa ita ce ba ta harhaɗa zance. A 1871 Charles Darwin ya ce bambancin hankalin mutum da na dabba na mataki ne kawai.

Sai ga wani doki a Balin ta Jamus mai suna Hans. Mai shi, Wilhelm von Osten, yakan ba shi lissafi, dokin ya buga kofato har adadin ya cika. Kwamitin da aka kafa a 1904 bai gano wata damfara ba. Wani mai bincike, Oskar Pfungst, shi ne ya warware ƙullin, ya wallafa a 1907: idan mai tambaya bai san amsa ba, ko aka tare wa dokin ganinsa, sai ya ruɗe. Ashe jikin mutum yake karantawa, in ya ga an saki jiki sai ya tsaya. Wannan ma ai gwaninta ce, duk mai barga ya san doki na gane mahayi ya tsorata tun kafin a ja linzami.

A 1960 Jane Goodall ta ga manyan birai na zura tsinke a suri suna kamo gara a Gombe (ta Tanzaniya, ba tamu ba), aka daina cewa mutum kaɗai ke ƙera kayan aiki.

Inji kuwa, Alan Turing ya kawo ma'auni a 1950: a yi hira a rubuce ba a ganin juna, in an kasa bambance kwamfuta da mutum, ta ci. Da kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a darar Turawa a 1997, sai wasu suka ce ai ƙirga ne kawai, ba tunani ba.

ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, aikinsa hasashen kalmar da za ta biyo baya daga tarin rubutun mutane. A ganina ya fi kama da Hans: ya ƙware wajen karanta mu. Mai son gwaji ya tambaye shi abin da ba a taɓa rubutawa ba, kamar inda giwan ruwa ke kwanciya a kogin Matan Fada na Argungu in ruwa ya janye.