Mene ne ta'addancin masu tsattsauran ra'ayin dama?

Duk sanda aka kai hari a wani masallaci a Turai ko Amurka, za ka ji gidajen rediyo suna cewa aikin "masu tsattsauran ra'ayin dama" ne, wasu su ce "masu ra'ayin riƙau", wasu kuma "masu ƙyamar baƙi". Kafin labarin ya iso teburin mai shayi a Samaru ko majalisar bayan la'asar a Tudun Wada, ya riga ya koma "Kiristoci sun far wa Musulmi". Wannan fassara kuskure ce, kuma kuskure ne mai haɗari a gari irin Zariya, inda masallaci da coci ke unguwa ɗaya.

Maganar dama da hagu ta samo asali ne daga majalisar Faransa a 1789, lokacin da magoya bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma a hagu. Ɗan siyasar dama na yau da kullum yana son riƙe al'ada da rage shigowar baƙi, amma yana tsayawa zaɓe, in ya sha kaye ya haƙura. Mai tsattsauran ra'ayi ya wuce nan. Ya yi imani ƙasa mallakar jinsi ɗaya ce, galibi farar fata. Ya yi imani akwai wani makirci na maye gurbin Turawa da baƙaƙe da Musulmi, kuma Yahudawa ko 'yan siyasar cikin gida ne ke kitsa shi. Sannan ya fitar da rai ƙuri'a za ta gyara komai. Ranar da ya ɗauki makami ya kashe farar hula domin ya tsorata sauran irinsu, sunan abin ya zama ta'addanci.

Dubi waɗanda aka kashe za ka gane ba yaƙin addini biyu ba ne. A Kiraiscoc ta ƙasar Niyu Zilan, ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, mutum ɗaya ya kashe masallata 51 a masallatai biyu. Amma a Calstin ta Amurka, a Yunin 2015, Kiristoci baƙar fata tara aka harbe suna karatun Littafi Mai Tsarki a cocinsu. A Bafalo, a Mayun 2022, baƙaƙe goma ne aka kashe a kantin sayayya. A Hale ta Jamus, a 2019, wurin ibadar Yahudawa maharin ya nufa, ƙofa ce ta ƙi buɗuwa. A Nowe kuwa, ranar 22 ga Yuli 2011, mutum 77 aka kashe, akasarinsu matasan jam'iyyar da ke mulki, saboda maharin yana ganin su ne suka buɗe wa baƙi ƙofa. Ɗalibin da ya tashi daga Zariya ya tafi karatu Turai, ko Musulmi ɗan Ƙofar Doka ne ko Kirista ɗan Wusasa, a idon waɗannan mutane abu ɗaya ne.

Yadda suke aiki ya bambanta da abin da muka saba gani a wajen Boko Haram. Sau da yawa babu sansani, babu kwamanda. Mutum ɗaya ne a ɗakinsa, ya shafe watanni a zaurukan intanet ana cusa masa ƙiyayya ta hanyar barkwanci da hotuna. Kafin harin sai ya wallafa doguwar takardar manufa, ya ɗaura kyamara a hular kwano, ya watsa kisan kai tsaye. Na Kiraiscoc a Facebook ya watsa, kamfanin kuma ya ce ya cire kwafi miliyan ɗaya da rabi a cikin awa 24 na farko. Na Bafalo ya kwafo sassa masu yawa na takardarsa daga ta na Kiraiscoc. Ke nan yaɗa bidiyon wani ɓangare ne na harin, shi ne ke haifar da mahari na gaba.

Shi ya sa masana ke kallon martanin jama'a da na hukuma kamar yadda suke kallon harin kansa. Firaministar Niyu Zilan ta lokacin, Jacinda Ardern, ta kira abin ta'addanci tun ranar farko, ta ƙi ambaton sunan maharin, kuma kafin wata guda majalisa ta haramta yawancin bindigogi masu kama da na soja. A 2020 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar afuwa ba. Jamus kuwa ta taɓa yin akasin haka. Tsakanin 2000 da 2007 wata ƙungiyar 'yan Nazi ta kashe mutum goma, tara daga cikinsu masu asalin Turkiyya da Girka, amma 'yan sanda suka yi ta zargin iyalan mamatan da hulɗa da masu laifi, gaskiya ba ta fito ba sai 2011. Hukuma ta riga ta ƙudurta a ranta kamannin ɗan ta'adda, don haka ba ta nemi wanda bai yi kama da wannan hoton ba.

Mutanen Zazzau ba sa buƙatar a ba su labarin mummunan martani. Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012 aka tayar da bama-bamai a coci biyu a Zariya da ɗaya a Kaduna. Ramuwar gayya ta biyo baya a Kaduna, aka kashe mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba, har aka sa dokar hana fita ta awa 24. Abin da 'yan Boko Haram masu dasa bam ɗin ke nema ke nan, kowa ya rasa tsakiyar tsayawa. Kuma ba su bar na gida ba: a Fabrairun 2014 aka harbe Sheikh Auwal Albani a nan Zariya tare da matarsa da ɗansa, malamin da ya yi ta sukar aƙidarsu a fili. A nan ne tsattsauran ra'ayin addini da na launin fata suka haɗu. Dukansu sun raba duniya gida biyu, sun halatta jinin ɗaya ɓangaren, kuma sun fi tsanar nasu da ya ƙi bin su.

Idan bidiyon hari ya faɗo wayarka, kada ka tura, ko da niyyar ka ce a yi addu'a. Ka kai rahotonsa ta maɓallin da ke cikin manhajar, ka goge. Shugaban zauren WhatsApp yana da ikon goge saƙon kowa daga zauren gaba ɗaya, ya yi amfani da shi. Ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye a saitin wayar, musamman in yara na taɓa ta. Ka kuma duba kwanan wata, domin tsohon bidiyo na dawowa da sabon suna duk lokacin da gari ya ɗau zafi. Ɗauki hoton fuskar bidiyon ka saka a Google Lens, sau da yawa zai nuna inda ya fara fitowa.

Game da matashin da ake jin tsoron ya fara karkata, gemu ko ɗage wando ko yawan ibada ba alama ba ne, kuma zarginsa a kan haka na ƙara tura shi can. Abin lura shi ne ya fara kafirta iyaye da malamansa na da, ya daina sallah a bayan limamin unguwa, ya riƙa kiran wasu mutane da sunan dabbobi, ko ya yabi wanda ya yi kisa. Duka da kora daga gida sukan miƙa shi hannun waɗanda ke jiransa. Abin da ya fi aiki shi ne a haɗa shi da malamin da har yanzu yake ganin girmansa, a bar shi ya kawo hujjojinsa a warware masa ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ɗauki watanni. In kuwa ya fara maganar makami, ko wani wuri, ko wata rana, maganar ta fi ƙarfin gida, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro a ranar.