Jiran kyamarar cikakken firam: masu hoto da riƙon kamfani ɗaya

Cikakken firam shi ne sunan da masu ɗaukar hoto suka ba kyamarar dijital wadda sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar haske a ciki, ta kai girman fim ɗin 35mm na da: milimita 36 a tsawo, 24 a faɗi. Leica ce ta yaɗa wannan ma'auni tun daga 1925. Da zamanin dijital ya kama, ƙera sensa mai wannan girma ya yi tsada ƙwarai, sai kamfanoni suka koma ƙaramar sensa da ake kira APS-C. Daga nan aka shiga dogon jira, kuma masu hoto da yawa suka ƙi sauya kamfani, suna sa rai nasu zai fito da babbar.

Dalilin wannan riƙo ba ƙauna ba ce kawai. Kowane kamfani yana da irin bakin da ake ɗaura gilashin gaban kyamara, wanda masu sana'ar ke kira lens. Na Nikon F ya fara ne a 1959, na Pentax K a 1975, na Canon EF a 1987, kuma lens ɗin wani ba ya hawa kyamarar wani kai tsaye. Mutumin da ya shekara ashirin yana tara lens, kuɗinsa na kwance a cikinsu fiye da a jikin kyamarar. Idan zai ƙaura, sai ya karya farashinsu ya sayar, ya sake sabon lale. Ƙaramar sensa kuma tana yanke gefen hoto, ta yadda lens mai 28mm da aka saya don ɗaukar fili mai faɗi yake komawa kamar mai 42mm, kuma ko wace ƙaruwa a wannan lamba raguwa ce a faɗin abin da lens ke ɗauka. Lens na nan lafiya lau, amma ba ya aikin da aka saye shi dominsa.

Contax N Digital ce ta fara shiga kasuwa a 2002, ba ta kuwa yi farin jini ba. A shekarar Canon ta fito da EOS-1Ds, sannan a 2005 ta kawo EOS 5D a kan kusan dala 3,300, farashin da ƙwararru masu matsakaicin ƙarfi ke iya kaiwa. Nikon ta daɗe tana riƙe da ƙaramar sensarta ta DX. Wasu daga cikin masu amfani da ita suka gaji suka koma Canon kafin D3 ta fito a 2007. Sony, wadda ta karɓi sashen kyamarar Konica Minolta a 2006, ta biyo baya da A900 a 2008.

Babu waɗanda suka sha jira kamar masu Pentax. Abin mamakin shi ne kamfanin na cikin na farko da suka nuna niyya: a bajekolin Photokina na 2000 a Jamus ya baje samfurin wata kyamarar cikakken firam, MZ-D, amma aka soke ta ba ta kai kasuwa ba. Kyamararsa ta dijital mai sauya lens ta farko, *ist D ta 2003, ƙaramar sensa gare ta, haka ma waɗanda suka biyo ta. Har kamfanin ya tsallake zuwa 645D a 2010, mai sensar da ta fi cikakken firam girma, amma wadda ba ta karɓar lens ɗin K. A tsakanin nan mallakarsa ta sauya hannu sau biyu, da farko zuwa kamfanin Hoya, sannan zuwa kamfanin Ricoh a 2011, kuma kowane sauyi sai ya tayar da raɗe-raɗin cewa an kusa.

Abin da ya fi ci musu rai shi ne lens uku da suke ji da su, FA Limited masu 31mm, 43mm da 77mm, waɗanda aka ƙera don fim. Mai 43mm ɗin ya yi daidai da tsawon firam ɗin fim daga kusurwa zuwa kusurwa. A kan ƙaramar sensa kuwa sai ya zama kamar mai 65mm, hikimar ƙirar ta tashi a banza. Wasu sun haƙura sun tafi, musamman bayan Sony ta fito da A7 a 2013, wadda ke karɓar tsofaffin lens ta hanyar ɗan zoben haɗi. Wannan ya sassauta igiyar da ta ɗaure mutane da kamfani guda.

Ricoh ta nuna samfuri a bajekolin CP+ na Yokohama a 2015, Pentax K-1 kuma ta fito a 2016 da megafiksel 36, a kan kusan dala 1,800. Kyamara ce mai kyau, tana kuma rage girgizar hannu daga cikin jikinta, don haka ko lens ɗin shekarun 1970 yana amfana. Sai dai ta makara. Bayan shekara biyu Canon da Nikon suka juya ga kyamarori marasa madubi, wato waɗanda babu madubin da ke tura hoton zuwa idon mai ɗauka a cikinsu, da sababbin bakin ɗaura lens, RF da Z, Pentax kuwa ta fito da K-1 Mark II a 2018 ta ci gaba da ƙera masu madubi.