Takardun Rabon Gado a Kotunan Gundumomin Amurka da Binciken Asalin Iyali

Takardun rabon gado su ne duk rubuce-rubucen da kotu ke tarawa tun daga ranar da aka kai mata labarin mutuwar mai dukiya har zuwa ranar da magaji na ƙarshe ya karɓi rabonsa. A Amurka shari'ar gado tana hannun jihohi, su kuma yawancin jihohin sun sauke ta a kan gundumomi, waɗanda yawansu ya haura 3,000. Shi ya sa mai bin salsalar gidansu a ƙasar, da zarar ya wuce iyakar abin da tsofaffi ke iya tunawa, yakan ƙare a ɗakin ajiyar wata tsohuwar kotun gunduma, ko gaban hotunan littattafanta a intanet.

Darajar waɗannan takardu ta samo asali ne daga giɓin da sauran rajistoci suka bari. Ƙidayar jama'a ta ƙasa daga 1790 zuwa 1840 sunan mai gida kawai take rubutawa, sauran mutanen gidan kuwa sai dai adadi. A 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa, wato wanda ba bawa ba, kuma sai a 1880 aka fara faɗin dangantakar kowa da mai gida. Ƙidayar 1890 mafi yawanta ta salwanta sakamakon gobarar 1921 a birnin Washington. Rajistar haihuwa da mutuwa ta jiha baki ɗaya ma ta makara ƙwarai a kudu: North Carolina ta soma a 1913, South Carolina a 1915, Georgia a 1919. To amma tun zamanin mulkin mallakar Ingila, duk wanda ya mutu ya bar fili ko bashi, sai kotu ta san su wa za su ci gadonsa. Dukiya ce ta sa aka rubuta sunayen, kuma wannan ne ya yanke wa za a gani a takardun da wanda ba za a gani ba.

Asali da sunayen kotuna

A Ingila kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya har zuwa 1858. Yankunan mallakar Ingila a Amurka kuwa ba su da bishop, saboda haka aikin ya koma hannun gwamna da kotunan gundumomi, kowane yanki da salonsa. Har yau ana ganin sawun wannan a sunaye. A Pennsylvania da Maryland ana kiranta kotun marayu. A Connecticut an raba jihar zuwa yankunan gado na musamman waɗanda ba su bi iyakar gunduma ba, a Rhode Island kuma kowane gari ke riƙe da nasa. Louisiana ta gaji dokokin Faransa da Sifaniya, don haka tsarinta daban yake, kuma takardu da yawa sun bi ta hannun masu shaidar yarjejeniya na hukuma.

Yadda shari'ar gado ke tafiya

Idan mamaci ya bar wasiyya, akan kai ta kotu, shaidun da suka sa hannu su rantse cewa sun ga ya rubuta ko ya sa alama yana cikin hankalinsa. Daga nan kotu ta ba wasiyyin da ya ambata takardar izini. Mai karatun da ya saba da fiƙihun gado zai lura da bambanci babba a nan: a Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi, a dokar da Amurka ta gada daga Ingila kuwa mutum na iya karkasa kusan dukan abin da ya mallaka yadda ya ga dama, ya ba wannan ɗa gona, ya bar wa wancan sule ɗaya. Wannan sulen ko dala ɗaya yakan ruɗi masu bincike su zaci uba ya yi fushi da ɗansa. Sau da yawa ɗan ya riga ya karɓi nasa tun uban na da rai, an ambace shi ne kawai don kada ya zo daga baya ya ce an manta da shi.

Idan babu wasiyya, kotu ce ke naɗa mai kula da dukiyar, galibi matar mamaci ko babban ɗansa, wani lokaci kuma wanda ya fi kowa bin mamacin bashi. Shi ma sai ya kawo masu tsaya masa su sa hannu a takardar lamuni. Sunayen masu tsayawar nan ba abin tsallakewa ba ne, domin mutum bai cika ɗaukar wa bare irin wannan nauyi ba. Yawanci 'yan'uwan matar ne ko surukai, kuma ta nan ake gano sunan gidan da mace ta fito.

Sai lissafin kaya. Kotu takan zaɓi maƙwabta biyu ko uku su shiga gidan su rubuta komai su yi masa kuɗi, wani lokaci ɗaki bayan ɗaki: katifar gashin tsuntsu, tukunyar ƙarfe, keken kaɗa zare, garma, saniya da ɗan maraƙinta, bindiga, Baibul, har da cokula. Daga jerin ana gane sana'ar mutum, da ko yana karatu, da wanda yake bi bashi. Idan aka yi gwanjon kayan, akawu yakan rubuta kowane abu da sunan wanda ya saya da farashinsa. A irin wannan takarda ake ganin matar mamaci ta sayi gadon da take kwana a kai da tukunyar da take girki da ita, sai suruki ya ɗauki doki, maƙwabci ya tafi da garma. Jerin masu sayen kusan ƙidayar unguwa ce ta wannan ranar.

Bayan haka mai kula da dukiya yakan riƙa kawo wa kotu bayanin kuɗin shiga da na fita: kuɗin likita, kuɗin akwatin gawa, haraji, basussuka. Ranar da aka biya mai yin akwatin gawa takan nuna lokacin mutuwa inda babu takardar mutuwa. A ƙarshe a raba abin da ya saura, kowane magaji ya sa hannu a rasit.

A nan ne abin da sabon mai bincike ba ya zato yake fitowa: fayil ɗin wanda ya mutu ba wasiyya sau da yawa ya fi mai wasiyya amfani. Mai wasiyya na iya cewa "matata da 'ya'yana" ya yi shiru, ko ya tsallake wanda ya ga dama. Inda babu wasiyya kuwa doka ce ke rabo, dole a jero kowane magaji, da 'ya'ya mata da sunayen mazajensu, da jikokin da iyayensu suka riga kakan mutuwa, da jihar da kowa ya ƙaura. Shugaba Abraham Lincoln, duk da kasancewarsa lauya, bai bar wasiyya ba da aka kashe shi a 1865. Kotun gundumar Sangamon ta jihar Illinois ce ta naɗa abokinsa David Davis, alƙali a Kotun Ƙoli, ya kula da dukiyar, kuma a 1867 aka raba sama da dala 110,000 gida uku tsakanin matarsa Mary da 'ya'yansa Robert da Tad.

Mata da marayu

A tsohuwar dokar, dukiyar matar aure tana ƙarƙashin mijinta, don haka wasiyyar matar aure ba ta da yawa kafin jihohi su fara sauya doka, Mississippi a 1839, New York a 1848. Abin da matar mamaci ke da shi shi ne cin amfanin sulusin filin mijinta muddin ranta. Idan ta mutu ya koma ga magadan mijin. Saboda haka akan ga rabon fili ya jinkirta shekara ashirin ko fiye, kuma ranar da aka raba shi alama ce cewa tsohuwar ta rasu. Maraya a idon kotu shi ne yaron da ubansa ya mutu kafin ya kai 21, ko da uwarsa na raye. Kotu takan naɗa masa waliyyi mai kula da rabonsa, amma yaron da ya kai 14 yana da damar zaɓen nasa. Wanda takarda ta ce shi ya zaɓi waliyyinsa, ke nan shekarunsa suna tsakanin 14 da 21 a wannan ranar.

Sunayen bayi

Ga baƙaƙen fatar Amurka da kakanninsu suka yi bauta, waɗannan takardu su ne kusan babbar ƙofa, kuma ƙofa ce mai ɗaci. Ƙidayar 1850 da ta 1860 sun rubuta bayi da shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangijinsu, ba tare da sunayensu ba. Sai a 1870, bayan an soke bauta a 1865, aka fara ƙirga su da suna. Kafin nan, inda sunan bawa ya fi fitowa shi ne lissafin kayan ubangijinsa idan ya mutu, a layi ɗaya da dawaki da garmuna, da farashi a gefe. Wani lokaci mai rubutun yakan sa sunan mace ya ƙara "da ɗanta", wannan 'yar kalmar kuma ita ce kaɗai shaidar da ta rage ta uwa da ɗa. Mai bincike yakan fara da iyalin a ƙidayar 1870, ya gano gidan da ya mallake su, sannan ya bi rabon gadon gidan fararen baya-baya, tsara bayan tsara, har da 'ya'ya matan da aka aurar aka ba su bayi suka tafi da su wata jiha.

Wasiyyar George Washington ta nuna yadda dokar gado ke yanka iyali. Ya rubuta ta da hannunsa a watan Yulin 1799, shafi 29, ya rasu ranar 14 ga Disamba, aka kai ta kotun gundumar Fairfax ta Virginia a Janairun 1800. A lokacin akwai bayi 317 a gonarsa ta Mount Vernon, amma 123 ne nasa. Wasu 153 daga dukiyar Daniel Parke Custis suka fito, mijin farko na Martha, matar Washington, wanda ya mutu ba wasiyya a 1757; Martha amfaninsu kawai take ci, ba ta da ikon 'yanta su, shi ma Washington haka. Ya 'yanta baransa William Lee nan take, ya ce sauran nasa su sami 'yanci bayan mutuwar Martha, ita kuwa ta sake su tun 1 ga Janairun 1801. Amma ɓangarorin biyu sun riga sun yi auratayya. Da Martha ta rasu a 1802 aka raba bayin Custis tsakanin jikokinta huɗu, sai ga miji 'yantacce, matarsa da 'ya'yansa kuma bayi a wani gida.

Gobara da sauyin iyaka

Kotuna da yawa sun ƙone. A lokacin yaƙin basasa wasu gundumomin Virginia, irin su Hanover da James City, sun aika littattafansu Richmond, babban birnin jihar, don tsaro, gobarar 3 ga Afrilun 1865 ta cinye su a can. Gobarar Chicago ta 1871 ta tafi da takardun gundumar Cook, girgizar ƙasa da gobarar 1906 suka tafi da na San Francisco. Duk da haka ba a cika rasa komai da komai ba: shari'ar da aka ɗaukaka zuwa babbar kotu takan ƙunshi kwafin wasiyya, akan sake rajistar takardun fili bayan gobara, jaridu kuma sun buga sanarwar kiran masu bin mamaci bashi.

Wani lokacin ma takardar ba ta ƙone ba, a wata gunduma take. Fayil yana zama ne a gundumar da ke da iko a ranar shari'ar, ko da daga baya an yanke garin an sa shi a sabuwa. Kentucky ɓangaren Virginia ce har 1792, Maine na cikin Massachusetts har 1820, West Virginia ta ɓalle a 1863. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago ya haɗa taswirar sauyin iyakokin gundumomi don irin wannan buƙata.

Littafi da ƙunshi

Abin da ke cikin manyan littattafan wasiyya kwafi ne da akawu ya yi da hannunsa, har sa hannun ma nasa ne, kuma akawu kan tsallake layi ko ya karkata suna. Takardun asali suna cikin ƙunshi, an naɗe su gida uku an ɗaure da zare ko jan ƙyalle an jera a akwatunan ƙarfe. A ciki ake samun abin da ba a taɓa kwafewa ba, kamar wasiƙar magajin da ya yi ƙaura yana neman a aiko masa da rabonsa. Fihirisar kotu kuwa yawanci sunan mamaci kaɗai take ɗauke da shi, saboda haka mai neman kakarsa sai ya karanta fayil ɗin kawu ko goggon da suka mutu ba haihuwa, domin gadon irin waɗannan kan faɗa kan 'yan'uwa da 'ya'yansu gaba ɗaya. Kalmomin zumunta ma sai an yi hattara: wanda tsohuwar wasiyya ta kira suruki na iya zama agola, "babba" da "ƙarami" a bayan suna kuma na iya nufin mutum biyu masu suna ɗaya a gari, ba lallai uba da ɗa ba. Kafin 1752 sabuwar shekara a yankunan Ingila tana farawa ne 25 ga Maris, don haka wasiyyar da aka rubuta a Disamba aka tabbatar a Fabrairun "shekara ɗaya" ba kuskure ba ce.

Ƙungiyar binciken salsala ta Utah, wadda aka kafa a 1894 kuma yanzu ake kira FamilySearch, ta fara ɗaukar hoton irin waɗannan littattafai a kan fim tun 1938, ta kammala mayar da naɗin fim miliyan 2.4 zuwa kwamfuta a 2021. Kamfanin binciken salsala na Ancestry ya fito da tarin wasiyyoyi da takardun gado na Amurka a 2015. A 2024 FamilySearch ta fara gwajin manhajar da ke karanta rubutun hannu, ta yadda za a iya neman sunan magaji ko shaida ko bawa a tsakiyar shafi, ta kuma fara ne da takardun fili da na gado. Masu ɗaukar hoton farko sun fi mayar da hankali ga littattafai masu bango, don haka a gundumomi da dama ƙunsoshin takardun asali suna nan a ɗakin ajiyar kotu ko a gidan adana tarihi na jiha, sai an je ko an rubuta wa akawu an biya kuɗin kwafi.