Abin da Hoton MRI Ke Faɗa Game da Mai Raunin Laka

"Likita, zai sake taka ƙafarsa?" Da wannan tambaya dangi kan tare mu duk lokacin da aka kawo wanda ya ji rauni a laka. Hoto yana da abin cewa a kanta, amma sai an san wane hoto ne, da kuma lokacin da aka ɗauke shi.

Laka ita ce damin jijiyoyin da ya taso daga ƙwaƙwalwa ya ratsa ta cikin ƙashin baya har zuwa saman ƙugu. Ta nan umarnin motsi ke sauka zuwa gaɓoɓi, ta nan kuma jin zafi da taɓawa ke hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka, yawanci sakamakon faɗowa, haɗarin hanya ko harbi da sara.

Eksire da CT (hoton eksire da kwamfuta ke haɗawa) ƙashi suke nunawa. Za su faɗa maka inda ya karye ko ya goce, amma ba sa nuna halin da lakar kanta take ciki. Shi ya sa za a ce wa mutum ƙashinsa lafiya lau, alhali hannuwansa sun mutu. An fi ganin haka ga yara, da tsofaffin da hanyar lakarsu ta riga ta ƙuntace a wuya. MRI ne ke leƙa cikin lakar, da ƙarfin maganaɗisu, ba tare da hasken eksire ba.

To me ake nema a cikinsa? Na farko jini. Idan jini ya zuba a cikin lakar kanta, alama ce ta cewa jijiyoyi sun yage, kuma da wuya motsi ya dawo sosai a ƙasan wurin. Idan kuwa kumburi ne kawai babu jini, akwai kyakkyawan fata, domin kumburi na sauka, jijiyar da ta suma a ƙarƙashinsa tana iya farfaɗowa. Ana auna tsawon kumburin ma: wanda ya tsaya kan gaɓa ɗaya ta ƙashin baya ya fi sauƙi a kan wanda ya miƙe ya cinye gaɓoɓi uku ko huɗu. Sai a duba ko wani abu na danne lakar, ɓallin ƙashi ne, ko faifan da ke tsakanin ƙasusuwa, ko gudan jini. Wannan ne ba ya jiran gobe. Binciken da Dokta Michael Fehlings na Toronto ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2012, ya bi mutum 313 masu rauni a wuya. Cikin waɗanda aka yi wa tiyatar cire abin da ke danne lakar kafin awa 24, kusan kashi 20 cikin ɗari sun samu babban ci gaba bayan wata shida. A cikin waɗanda aka jinkirta wa, ba su kai kashi 9 ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne hoton da ake sakewa bayan kamar wata guda, lokacin da kumburi ya lafa. A sannan ake ganin ko akwai siririn nama mai rai da ya tsira a gefen raunin, yana haɗa sama da ƙasa. Likitoci na kiransa gada. Da milimita ake auna faɗinsa, kuma masu bincike a Zurich ta ƙasar Suwizalan sun nuna cewa gwargwadon faɗin gadar, gwargwadon ƙarfi da jin jikin da ke dawowa. Abu ne da bai kai kaurin tsinke ba, amma shi ke iya raba wanda zai riƙe cokali da hannunsa da wanda sai an ba shi a baki.

Duk da haka, kada wani ya riƙe takardar hoto ya yanke wa mara lafiya hukunci. Hoto ƙiyasi yake bayarwa, kuma sai an haɗa shi da gwajin jiki: a gwada ƙarfin tsokoki, a taɓa fata da auduga da allura tun daga wuya har ƙafa, sannan a sa mutum a mataki daga A (rauni mafi muni) zuwa E (motsi da ji lafiya lau). Har dubura ake gwadawa. Mutane da yawa na jin nauyin wannan, amma a daure, domin duk wanda ke ji a wurin, saƙo na ratsa raunin ke nan. A kwanakin farko jiki kan yi laƙwas gaba ɗaya saboda girgizar da lakar ta sha, don haka gwajin da aka yi bayan awa 72 ya fi na ranar farko gaskiya. Mafi yawan sauƙin da za a samu yana zuwa ne cikin wata shida na farko, sai ya ci gaba a hankali har shekara ko fiye. Kuma sauƙi ba tafiya kaɗai ba ce. Numfashi ba tare da na'ura ba, riƙe fitsari da bayan gida, ɗaga hannu zuwa baki, duk a cikin lissafi suke, kuma da su masu gashin ƙashi ke tsara atisayen mara lafiya.

Ku sani fa, yadda aka ɗauko mutum daga inda ya faɗi yana iya canza abin da hoton zai nuna. Kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a naɗe shi a kujerar mota. A riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗora shi kan abu mai tauri. Kafin a shiga ɗakin MRI kuma, a sanar da ma'aikata idan akwai na'urar bugun zuciya, harsashi ko ɓallin ƙarfe a jikinsa, domin maganaɗisun na iya motsa su. Idan sakamako ya fito, ku tambayi likita kai tsaye: akwai jini a cikin lakar? Har ina kumburin ya kai? Akwai abin da ke danne ta, kuma yaushe za a cire shi?