Manhaja talatin don tafsiri guda: abin da dokar Google Play da App Store ta ce

Bayan sallar isha'i muna shan shayi a Shari'u Mansur, nan Makka, wani ƙanena da ke karatu a Madina ya miƙo mini wayarsa. Wata huɗu ya yi yana tattara tafsirin wani malaminsu na gida, ya rarraba shi izu bibbiyu, yana shirin ɗora kowane kashi a manhajarsa daban. Manhaja 30 ke nan. "Yaya, kowa ya sauke wadda yake so, ba sai wayarsa ta cika ba," in ji shi. Niyyar sadaka ce, kuma na ji daɗinta har raina. Amma dole na gaya masa cewa wannan tsarin shi ne ainihin abin da kasuwannin manhajoji biyu suke kira sifam, wato tarkacen da ke cunkushe kasuwa.

Yawancinmu idan an ce sifam, saƙonnin 'yan damfara muke tunani. A wajen Google da Apple ma'anar ta fi haka faɗi. Dokar Google Play ta hana mutum guda ya ɗora manhajoji da yawa masu kama da juna a aiki da abin da ke ciki da fasali, har ta ba da shawarar cewa idan kowace ƙarama ce, a haɗe su a manhaja ɗaya. Ta kuma hana kwafo abin da ke cikin manhajar wani ba tare da ƙara wani abu naka ba. Apple ta ajiye tata a sashe na 4.3 na ƙa'idojin tantance manhajoji: kada ka yi wa manhaja ɗaya rajista da sunaye daban-daban, kada kuma ka ƙara lodi a fannin da ya riga ya cika ya batse, irin su manhajojin tocila da na duba irin na bokaye. Wanda ya nace, ana iya fitar da shi daga shirin masu gina manhajoji na Apple baki ɗaya.

Injin da ke tantancewa ba ya karanta zuciya. Abin da yake gani shi ne gini ɗaya, launi ɗaya, maɓallai ɗaya, sunan ne kawai ya sauya daga izu zuwa izu. Mu kuwa mun saba da haka. Duba kasuwar ka ga manhajojin wa'azinmu: kashi na ɗaya, kashi na biyu, kowane malami da tasa, duk daga hannu guda. Cewa wasu suna nan har yau ba hujja ba ce. Ba a zo kansu ba ne tukuna. Kuma ni a ganina dokar nan tana da gaskiya. Tsohuwar da ta zo aikin Hajji tana neman addu'o'in ɗawafi da Hausa, idan ta tarar da manhajoji ashirin masu fuska ɗaya, wacce za ta ɗauka?

Akwai kuma batun ƙarancin amfani. Daga 31 ga Agustan 2024 Google ta ƙara tsananta shi: manhajar da ba ta da komai sai rubutu zalla, ko littafin PDF da aka naɗe, ko hoton bangon waya guda ɗaya, ba ta da mazauni. Haka wadda kawai take buɗe shafin intanet na wani ba da izininsa ba. Sashe na 4.2 na Apple ma haka yake cewa. To littafin azkar da ka ɗauki hotonsa ka zuba bai isa ba. Sa masa bincike, alamar inda mutum ya tsaya, sauraro ba tare da intanet ba.

Kuɗin shiga ba shi ne wahalar ba. Google dala 25 ce sau ɗaya, kusan riyal 94. Apple dala 99 duk shekara. Abin da ya fi cin lokaci shi ne gwaji: a Google, asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023 sai an gwada manhajarsa kwana 14 a jere kafin ta fita kasuwa. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Sunan manhaja kada ya wuce harafi 30, kuma ban da cusa kalmomi irin "kyauta" ko "lamba ɗaya".

Mu da ke Saudiyya akwai rami na musamman a gabanmu. Wanda ya gina jagorar Umra, kada ya sa tambari ko suna da zai sa alhaji ya ɗauka Nusuk ce ta Ma'aikatar Hajji da Umra. Wannan sojan gona ne a dokar kasuwannin biyu. Ka bayyana ƙarara cewa ba ta hukuma ba ce, ka nuna inda ka samo bayananka. Idan manhajarka tana karɓar wurin da mutum yake don lokutan salla ko alƙibla, sai ka rubuta manufar sirri, ka cike fom ɗin tsaron bayanai da gaskiya. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da shirin ƙanena shi ne hukuncin. Idan laifi ya yi ta maimaituwa, Google tana rufe asusun, kuma tana iya haɗawa da duk asusun da ta ga yana da alaƙa da shi. Buɗe sabo da sunan ɗan'uwa laifi ne na biyu. Akwai ɗaukaka ƙara, amma hujja ake nema a rubuce.

Shi ya sa na tambaye shi ko malamin ya ba shi izini. Ya ce da baki ya sa masa albarka. Na ce ya nemi takarda da sa hannu, don ita za a tambaya ran da wani ya kai ƙorafin haƙƙin mallaka. Kafin mu tashi ya yanke shawarar manhaja ɗaya, kowane izu a sauke shi daga ciki lokacin da ake so, ya kuma fara lissafa abokan ɗakinsa a Madina har su cika goma sha biyu.