Cikakken kusufin rana

Cikakken kusufin rana, wasu su ce husufi, shi ne lokacin da wata ya shiga tsakanin rana da duniya ya rufe ranar ruf, gari ya yi duhu da rana tsaka. Rana ta fi wata faɗi wajen sau 400 amma kuma ta fi shi nisa da mu wajen sau 400, shi ya sa a ido suke zuwa daidai wa daida. Ba duk ƙarshen wata ake yi ba, don hanyar wata ta ɗan karkace da kusan digiri 5, yawanci inuwarsa ta sama ko ta ƙasa take wucewa. Kusan duk wata 18 ana samun guda a wani wuri a duniya, amma gari ɗaya kan jira wajen shekara 375 kafin ya zagayo masa.

Tarihi

Tun zamanin Babila masana taurari suka lura kusufi na maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da 'yan awoyi, lissafin da yanzu ake kira Saros. Herodotus, masanin tarihi na tsohuwar Girka, ya ce wani kusufi ya tsayar da yaƙi tsakanin mutanen Lidiya da Midiyawa, kuma wai Thales, wani masani ɗan Girka, ya faɗa tun kafin ya auku, ana kyautata zaton na 28 ga Mayu 585 kafin haihuwar Annabi Isa ne. Ko Thales ya iya wannan lissafin, masana ba su daidaita ba. Ibn Yunus, masanin taurari na Masar, ya rubuta kusufin da ya gani a Alƙahira wajajen 977 da 978. A 1715 masanin taurari Edmond Halley ya zana taswirar inda inuwar za ta bi a Ingila. A kusufin 1868 a Indiya aka ga wani layin haske mai ruwan ɗorawa wanda ya kai ga gano iskar hiliyom, a rana aka fara ganinta kafin a same ta a doron ƙasa. Wanda ya fi suna dai shi ne na 29 ga Mayu 1919, lokacin da masanin taurari Arthur Eddington ya je tsibirin Firinsife da ke gaɓar yammacin Afirka, wata tawagar kuma ta je Sobral a Burazil, suka auna yadda hasken taurari ke lanƙwasa kusa da rana kamar yadda Einstein ya ce. A 1973 ma jirgin saman Concorde ya bi inuwar ta saman Afirka har minti 74.

Yadda abin yake

Wata kan ɗauki awa guda ko fiye yana ɗan gutsurar rana, da farko ba wanda zai lura. Can sai haske ya dusashe, iska ta yi sanyi, hasken da ke ratsowa ta ganyen bishiya ya koma siffar jinjirin wata a ƙasa, tsuntsaye su nufi sheƙa. Daga nan ɗigon haske na ƙarshe ya ƙyalla ya ɓace, sai ga korona, wato farin hasken da ke kewaye da rana, ga kuma tauraruwar Zahra ta fito. Duhun ba ya wuce minti 7 da rabi, yawanci ma biyu zuwa huɗu ne.

Shiri

Dole sai an shiga cikin zirin inuwar, wanda faɗinsa da wuya ya haura kilomita 270, wanda ya tsaya a inda aka rufe kashi 99 cikin ɗari bai ga korona ba sam. Masu bin kusufi kan duba tarihin gajimaren wuri, su kama masauki da wuri, su kuma tanadi wani wurin da za su gudu in hadari ya haɗo. Kallo sai da tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2, baƙin tabarau na kwalliya ba ya kare ido, kyamara da madubin hangen nesa su ma sai da matatar haske a gaba. Lokacin da rana ta rufe gaba ɗaya ne kawai ake cirewa.

Na 2026 zuwa 2028

12 ga Agusta 2026: Girinlan, Aislan da Sifaniya. 2 ga Agusta 2027: kudancin Sifaniya, arewacin Afirka, Saudiyya har da Makka da Jidda, Yaman da Somaliya, a Luksor ta Masar duhun fiye da minti 6. 22 ga Yuli 2028: Ostareliya da Niyu Zilan.